Ga Wuƙa, Babu Nama

Idan Bahaushe ya ce wane ne ke da wuƙa da nama, ya gama magana: shi ke yanka, shi ke rabo. To a Amurka da Turai akwai wata jama'a da ta ɗauki rabin maganar ta bar rabi. Wuƙa kam suna da ita, wani talatin, wani ɗari, a jere cikin akwati mai shimfiɗar karammiski. Naman ne babu. Su ne masu tara wuƙar aljihu, 'yar ƙaramar nan da ake naɗewa ruwanta ya shige cikin ƙota. Sun raɗa wa sha'awar tasu suna EDC, gajarcen kalmomin Turanci masu nufin kayan da mutum ke fita da su kullum. Duk watan Yuni sukan yi dafifi a birnin Atlanta wajen baje kolin Blade Show, su ja layi tun kafin a buɗe ƙofa kamar masu jiran rabon taki. Daga nesa kamarsu ɗaya. Sai an matso ake ganin kowa da irin cutarsa.

Dattijon cikinsu shi ne mai jar wuƙa, wato ta sojan Suwizalan. Wannan ya haddace tarihin Victorinox kamar na gidansu. Zai gaya maka Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya fara kai wa sojan ƙasar wuƙaƙe a 1891, ya yi rajistar ta hafsoshi a 1897, kuma sunan kamfanin haɗi ne na Victoria, mahaifiyar Elsener, da inox, kalmar Faransanci ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk rayuwarsa jiran tambaya ɗaya yake: wa ke da almakashi? Ranar da aka yi ta, sai ka ga fuskarsa ta washe. Ya zaro abar, ya sa farce ya ɓamɓaro, sai ga mabuɗin gwangwani. Ya mayar, ya sake, sai zarto. Ya sake, sai murɗaɗɗen ƙarfen zare toshiyar kwalba, shi da ko kwalbar ba ya sha. Kafin almakashin ya bayyana, mai tambayar ta riga ta tsinke zaren da haƙori. A gefen ƙotar akwai ɗan rami na tsinken sakace. Ramin fanko ne, tsinken ya ɓace tun makon farko, kuma haka yake a aljihun kusan duk 'yan wannan gida.

Mafarkinsa kuwa ita ce Giant ta kamfanin Wenger, wadda ta fito a 2006 da kayan aiki 87 masu yin ayyuka 141, har ta shiga kundin bajinta na Guinness. Faɗinta ya kai taƙi, nauyinta wajen kilo guda. Wuƙar aljihu ce, in ji su. Aljihun wa, Allah masani.

Malamin ƙarfe ba sai an nuna maka shi ba, dubi hannunsa na hagu. Gashin damtsen a tsattsage yake, nan akwai, nan babu, kamar wanzami ya fara aski aka kira shi gida. A can yake gwada kaifi. Shi bai san wuƙa da sunanta ba, da ƙarfenta ya santa: S30V da kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001, M390 na Böhler a Ostiriya, MagnaCut da masanin ƙarafa Larrin Thomas ya haɗa, ya shigo kasuwa a 2021. Akwai ma'aunin taurin ƙarfe da ake kira Rockwell. Jar wuƙar Suwizalan tana wajen 56 a kansa, tasa ta haura 60, saboda haka yana kallon mai jar wuƙa kallon mai mota ga mai jaki.

A maganarsa akwai gaskiya. Ƙarfe mai tauri ya fi daɗewa bai dakushe ba. Abin da ba ya son faɗa shi ne ranar da ya dakushe ɗin, dutsen wasa wuƙa na gida ba ya cin sa, sai an sayo mai garin lu'ulu'u, kuma idan taurin ya yi yawa bakin kan ɓantare maimakon ya lanƙwashe. Don haka yana da jerin duwatsu da kuɗinsu ya fi na wuƙar. Sai ya kwashe yammaci guda yana gurzawa, ya goge a fata, ya ɗaga takardar jarida sama ya tsaga ta fiii, ya waiga ya ga ko akwai wanda ya gani. Shi ke nan aikin wuƙar na makon. Mai tsire a bakin titi, da wuƙar da maƙeri ya buga masa daga tsohon sifirin mota, yana gama cinyar sa a dare ɗaya bai taɓa jin sunan Rockwell ba.

Amma ko malamin ƙarfe yana yankan takarda. Mai ajiya ko takardar ba ya yanka.

Wannan shi ne babban abin kallo. Wuƙaƙensa ba su san aljihu ba, daga kwali sai akwatin ƙarfe, kuma 'yan harkar da kansu suna yi wa irinsu laƙabi da sarauniyar akwati. Idan zai nuna maka, sai ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗauko da yatsa biyu, kana miƙa hannu yana ja da baya. In ka yi sa'a ka taɓa, kafin ka kai ƙofa ya goge shatin yatsanka. Kamfanin Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania ya san mutanensa sarai. A 1970 ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙa, kowace shekara a rage ɗaya, ta yadda mai ɗigo ɗaya ta 1979 ce. Tun daga nan aka samu magidanta masu furfura, sun duƙa da gilashin ƙara girma suna ƙirga ɗigo kamar masu tsintar tsaba, ana musu ko takwas ne ko tara.

Sarauniyar sarauniyoyi ita ce Sebenza ta Chris Reeve, mutumin Durban a Afirka ta Kudu da ya koma Boise a jihar Idaho. Ƙotarta ta ƙarfen titaniyam ce, kuɗinta ya haura dala 400, kuma kowace tana zuwa da kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, wanda masu ita ke kira takardar haihuwa. Mai ajiya ya san inda takardar haihuwar Sebenzarsa take. Ta ɗansa na fari, sai a tambayi uwar. Reeve ya samo sunan ne daga harshen Zulu, ma'anarsa aiki. Ka roƙi mai ajiya aron Aikin nasa ka datse igiya, zai ce ka ɗan jira, ya shiga kicin ya ɗauko maka wuƙar albasar uwargida.

Akwai kuma mai tinƙaho da araha. Shi ɗan Opinel ne, wuƙar manoman Savoie ta Faransa da Joseph Opinel ya fara yi a 1890: ƙotar itace, ruwa ɗaya, sai zoben kulle da aka ƙara a 1955. Lamba 8, wadda aka fi saye, ba ta kai Yuro 20 ba, kuma yana faɗar haka a kowane zama don ya kunyata mai Sebenza. Idan danshi ya kumbura itacen ruwan ya maƙale, sai ya buga gindin ƙotar a tebur ta buɗe, ya yi bayanin cewa haka mutanen Savoie ke yi, ko da shi bai taɓa taka Faransa ba. Sabuwar wuƙa ba ta burge shi, sai ya shafa mata ruwan khal ko ya soke ta cikin albasa ta kwana, ƙarfen ya yi duhu ta zama kamar gadon kaka. Wuƙa ɗaya ta ishi mutum, in ji shi. A durowarsa akwai Opinel daga lamba 2 har ƙatuwar lamba 13, ga Douk-Douk, ga Okapi.

Waɗannan biyun na ƙarshe ma da Afirka suka yi suna. Douk-Douk ta garin Thiers ce, an yi ta a 1929 domin tsibiran Melanesiya, har da hoton dodon can a jikin ƙotar. Can ba ta karɓu ba, sai ta samu kasuwa a Arewacin Afirka, aka yi mata ƙanwa mai suna El Baraka. Okapi kuma a Solingen ta Jamus aka fara ta a 1902 don a sayar a ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka, daga 1988 ƙerarta ta koma Afirka ta Kudu. Kayan talaka ne da aka yi wa masu fere rake da yanka igiya. Yau tsohuwar Okapi mai tambarin Jamus masu tarawa ke nema.

Mai ƙyas-ƙyas ba ya bukatar dogon bayani. Tun da kamfanin Spyderco ya huda rami a ruwan wuƙa a 1981 don babban yatsa ya buɗe ta da hannu ɗaya, shi ya samu abin wasa. Ya buɗe, ya rufe, a gaban talabijin, a kan waya, a wajen cin abinci. Abin da wuƙarsa ta fi yanka shi ne shi kansa, shi ya sa yatsunsa ba sa rabo da filasta.

Lauyan sa-kai yawanci ɗan Birtaniya ne, kuma ba laifinsa ba ne. Dokar 1988 ta ƙasar ta yarda mutum ya fita da wuƙa mai naɗewa ba tare da ba da dalili ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma kotuna sun ce ban da mai kulle. Jamus kuma ta hana yawo da wadda ke buɗewa da hannu ɗaya sannan ta kulle. Saboda haka shi da rula yake zuwa sayayya. Spyderco har wuƙa ta musamman ta yi wa irinsa, UK Penknife. Ka tambaye shi aron wuƙa ka ɓare lemo, sai ka sha karatun sashe na 139 na dokar.

Kusa da shi akwai mai jiran musiba, wanda kullum bakinsa na kan labarin Aron Ralston, matashin da dutse ya danne wa hannun dama a wani kwazazzabo na jihar Utah a 2003. Bayan kwana biyar ya datse hannun da wata dakusasshiyar wuƙa mai araha, ya tsira. Da wannan labari mai jiran musiba ya sayi wuƙarsa ta goma sha ɗaya, shi da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba. Da ita yake farke salatif ɗin kwalin da ta goma sha biyu ta zo a ciki. Idan uwargida ta ce, "Wannan kuma nawa?" sai ya fake da al'adar Faransa da Ingila, inda wanda aka ba kyautar wuƙa kan mayar da ɗan kwabo don kada ta yanke zumunci. "Kyauta ce, kwabo kawai na bayar." Uwargida ta ga saƙon banki, ta yi shiru.

Wuri ɗaya ne ke haɗa su duka, ya mai da su abu guda: layin bincike a filin jirgin sama. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgi da wuƙa, cinikin wuƙaƙen Victorinox ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku domin shagunan filayen jirgi babbar kasuwarta ce, Wenger kuwa ta jigata har Victorinox ta saye ta a 2005. A 2013 hukumar binciken fasinjoji ta Amurka ta ce za ta bari a shiga da masu ruwa da bai wuce santimita 6 ba, ma'aikatan cikin jirgi suka tayar da ƙayar baya, a watan Yuni aka janye maganar. Har yau za ka ga magidanci ya tsaya gaban jami'i, ya dafa aljihu, fuskarsa ta canza, ya tuna 'yar Classic mai milimita 58 tana maƙale a jikin makullinsa. Jirgi ba ya jira, sai ya zare ta ya ajiye a tire, yana waiwaye.

Wuƙaƙen da aka bari a can ba a zubar da su duka ba. A jihohin Amurka da dama ofisoshin sayar da rarar kayan gwamnati ne ke karɓa, su tara su a kwanduna su yi gwanjonsu, kuma cikin masu saye har da masu tarawar. Wanda ya rasa tasa zai iya zuwa ya tona tulin, ya sayo irinta da kuɗinsa. Kafin ya biya dai, ya duba ramin tsinken sakacen.