Halin Abokan Tafiya a Gaban Miyar Buea

Daga Duwala zuwa Buea tafiyar kusan kilomita 70 ce, a tafi da safe a dawo da yamma. Garin Buea yana gindin Dutsen Kamaru, inda Jamusawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu a 1901 don gudun zafi da sauron bakin teku. A mota kowa mutumin kirki ne. Sai an ajiye kwanon miya hali ke fitowa.

Akwai Malam Wa-Ya-Yanka. An kawo eru, ganyen daji da aka yanka siriri aka dafa da manja da ganda da busasshen kifi, shi kuwa ya sa cokali yana tono. Tambayarsa tana kan hanya, don a nan ana sa dodon koɗi a miya, ana kuma cin naman daji. Sai dai ko an rantse masa cewa kifi ne kawai, zai nemi sanin wanda ya yanka kifin.

Sai Hajiya Ba-Kamar-Ta-Gida-Ba. Bakweri, 'yan asalin garin, da 'ya'yan kwakwar manja suke yin miyar mbanga, a ci da kwakoko, wato gurzajjiyar gwaza da aka naɗe a ganye aka turara. Hajiya ta ɗanɗana ta taɓe baki: "Ko daddawa babu." Ta ƙara loma. "Da kuka ce, da tuni ta yi kauri." Ta sake ƙarawa. Ita ta fara suɗe kwano, ta kuma sa aka ƙulla mata wata a leda, wai don yara.

Jarumin barkono ba ya daɗewa. "Madam, ƙaro yaji!" Can sai ga hawaye da majina, yana cewa sanyin dutse ne ya sa masa mura.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malamin Tarihi. Ya san gidan Puttkamer, gwamnan Jamusawa, yana nan tsaye har yau, ya san dutsen ya yi aman wuta a 1909 har Jamusawa suka ruga Duwala na ɗan lokaci. Duk gaskiya ne. Amma kafin ya kai ƙarshe manjan miyarsa ya daskare, na kusa da shi kuma ya tsince masa ganda.

Alhaji Na-Ƙoshi bai taɓa komai ba, wai cikinsa ba daɗi. A hanyar dawowa, kafin a kai Mutengene, ƙamshin kilishi ya cika mota daga kujerar baya, Malam Wa-Ya-Yanka kuma ya miƙa hannu ba tare da ya tambayi kowa ba.