Wasiƙa Zuwa Ga Kwamfutar Da Aka Kawo Ofishinmu



Da fatan kin huce gajiyar hanya, don na san ba ƙarama kika sha ba: jirgin ruwa zuwa Legas, zaman jiran mai saye a Ikeja, sannan bayan mota har Kano. Ni ne wanda aka ɗora wa nauyin shigar da ke cikin netwok ɗin ofishin nan. Tun da ke ba kya magana sai da lambobi da saƙon kuskure, na ga gara in rubuta miki wasiƙa in manna a gefen teburinki, ko ma'aikata sa karanta su daina tsare ni a bakin masallaci suna tambayar yaushe za ki fara aiki.

Oga ya shelanta wa kowa cewa ya sayo sababbin kwamfutoci. Ina kunna ki na gane amarya aka yi mana alkawari, bazawara aka kawo. Ban ƙi ba. Ire-irenki ne ke riƙe da makarantu da ofisoshi da yawa a garin nan, kuma kun fi wasu sababbin ƙarko. Sai dai kin zo da halayen tsohon gida. Fuskarki na ɗauke da tambarin wani kamfani na Jamus, kina neman kalmar sirrin wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, kina lalube a kebul ko za ki ji muryar saba, wato babbar kwamfutar ofis, da kika baro a ƙetaren teku. Kibod ɗinki ma na can ne, inda Z ke zaune a gurbin Y. Na buga "yanzu", sikirin ya nuna "zanyu". 'Yan uwanki da ake kai wa Maraɗi da Damagaram sun saba da na Faransa mai farawa da A da Z, ban san wa ya fi wani shan wahala ba.

Saboda haka na yanke hukuncin yi miki fomat, kuma ina so ki sani babu ƙiyayya a ciki. Ba na yarda da Windows ɗin da na tarar a kan kwamfuta, ko na tsohon mai ita ne ko wanda ɗan kasuwa ya ɗora cikin gaggawa don ta nuna haske a gaban mai saye. Ba a san me aka cusa ba, ba a san me aka cire ba.

Mutane na ɗauka saka Windows danna "Next" ne har a kai ƙarshe. Ke shaida ce kan abin da ake yi kafin a ga wannan maɓallin. Sai an samo filashi mai aƙalla gigabait 8, an sauke fayil ɗin da ya haura gigabait 5 da datar da ake ƙirgawa kamar kuɗin cefane, an rubuta shi da Rufus, don filashin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, babban fayil ɗin Windows kuwa ya wuce. Sai kuma a yi ta bugun maɓalli lokacin da kike tashi don ki yarda ki karanta filashin: wasunku F12 suke ji, wasu F9, wasu Esc, kuma damar ba ta fi ƙiftawar ido ba. Wanda ya makara ya sake kashewa ya kunna.

A nan aka yi tankaɗe da rairaya tsakaninki da waɗanda kuka zo kwali ɗaya. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan in furosesan Intel ne, galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Ke kin tsallake, ko da yake TPM ɗinki a kashe na same shi cikin BIOS, sai da na shiga na tashe shi. Yayyenki masu zubi na 6 ba su ci wannan jarrabawa ba, alhali lafiyarsu ƙalau, babu abin da ya gagare su na rubutu da lissafin ofis. A da sai in bar su da Windows 10, amma Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025. A ganina wannan sharaɗi an yanka shi ne daidai aljihun ƙasashen da ke sauya kwamfuta duk bayan 'yan shekaru, mu kuwa da muke karɓar abin da suka sauke, mu aka bari da jangwam. Yayyen naki Ubuntu na saka musu. Kyauta ce, ba ta tambayar zubi, kuma da ɗan gyara tana shiga rajistar ofis kamar kowa. Sakatare ya yi ƙorafin cewa maɓallan ba sa inda ya saba. Zai saba.

Yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana tsakiyar girka miki Windows kika tsaya cak, kika ce ba za ki ci gaba ba sai an haɗa ki da intanet. Na soka miki kebul, kika ce ba ki ga komai ba. Dalili? Babu direban katin netwok ɗinki a cikin filashin. A ina ake samun direban? A intanet. Wato ba za ki hau intanet ba sai da direba, direba kuma ba zai samu ba sai kin hau intanet. Haba baiwar Allah, bazawara da sayen baki? Haka na tafi wurin tsohuwar kwamfutar ɗakin akawu, wadda kowa ke rainawa, ita ta sauko miki da direban, na kawo a filashi, sannan kika buɗe baki. Ki riƙa gaishe ta.

Da kika gama shiri kin raɗa wa kanki suna: DESKTOP, sai jan layi, sai tarkacen haruffa da lambobi 7 da ko ke ba za ki iya maimaitawa ba. A nan gidan ba a haka. Suna yana faɗin sashe da lambar tebur, kuma ba ya wuce haruffa 15, ƙa'idar da aka gada tun zamanin NetBIOS, ba a kuma fasa ba har yau. Idan wata rana saba ta ce wata kwamfuta na ta aika shara cikin netwok, ina so in san ɗakin da zan nufa ba tare da na bi tebur-tebur ina leƙe ba.

Sai adireshi. A netwok akwai mai rabon adireshi, DHCP, wanda kowace kwamfuta ke yi wa sallama idan ta tashi, ya ba ta lamba aro na wani lokaci. Da na kai ki teburinki, na buga ipconfig don in ga abin da aka ba ki, sai na ga lamba mai farawa da 169.254. Duk mai wannan sana'a ya san ma'anarta: kin yi sallama ba a amsa ba, sai kika ƙirƙiro wa kanki adireshi kika zauna kamar komai lafiya. Wannan hali naki ne ya fi ba ni haushi, don gara ki fito fili ki ce ba ki samu ba. Amma a wannan karon ba ke ce da laifi ba. Na bi kebul har cikin silin, na tarar ɓera ya yi kalaci da shi. Na yanke na sake matse kan, wayoyi 8 kowace a layinta: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta kauce, aiki ya ɓaci. Shi kuma wanda ya ja wayar ginin nan tun farko, Allah ya yafe masa, bai ji labarin cewa irin wannan kebul ba a so ya wuce mita 100 ba.

Kin samu adireshi, kin amsa ping, sai batun shiga domen, wato rajistar da saba ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta da abin da aka halatta wa kowa. Microsoft ta kawo wannan tsari na Active Directory tare da Windows 2000, kuma shi ya sa akawu zai iya zama a kowane tebur ya shiga da sunansa ya tarar da fayilolinsa. Na gode Allah lasisinki na Pro ne, don mai Home ba ta shiga domen ko za a kwana ana roƙo. Duk da haka kin ce ba ki ga domen ɗin ba. Na duba, ashe wani mai taimako ya riga ni, ya saita miki DNS zuwa 8.8.8.8 na Google, wai don intanet ya yi sauri. Wannan lamba ta san adireshin kowane shafi a duniya, amma ba ta san sabar da ke ɗakin da ke kusa da ke ba. Tambayar gida, ɗan gida ake yi wa. Na mayar da ke kan sabarmu.

Daga nan sai agogo. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga domen, ba ya lamuntar saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin agogonki da na saba. Ke kuma kin tashi da lokacin gaɓar yammacin Amurka, aka gyara miki awa da hannu ta dace da agogon bango ba tare da an sauya yankin lokaci ba. A ido daidai kike, a lissafin saba kuwa kin yi nisan sa'o'i. Na mayar da ke yankin Afirka ta Yamma ta Tsakiya. Washegari aka ɗauke wuta da dare, da safe kika farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa, kina cewa takardar shaidar kowane shafi ba ta inganta ba. Wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu a cikinki. Kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba, amma sai da na cike takardar neman kuɗi mai kwafi uku.

Sauran kayan ba su da labari mai yawa. Na saka miki riga-kafin bairos, burauza, manhajar wasiƙu da ta ofis, na haɗa ki da jakar fayilolin sashe da ke kan saba, na nuna miki firinta, na ƙara kibod ɗin Hausa don masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ su daina cin amanar harshe. Sabuntawa kuwa na tsara ki riƙa karɓa daga maƙwabtanki na cikin netwok, don in kowaccenku ta ce sai ta sauko da nata daga intanet, datar wata ba za ta ga sati ba. Ina roƙonki da girman Allah, kada ki zaɓi ƙarfe goma na safiyar ranar biyan albashi ki ce kina sabuntawa, kada a kashe ki. A garin nan ba mu ke yanke shawarar kashewa ba.

Ranar Litinin za a miƙa ki ga Malam na sashen kuɗi. Mutumin kirki ne, amma ki shirya. Ban ba shi ikon admin ba, don haka duk abin da ya so girkawa za ki tambaye shi kalmar sirrin da ba shi da ita, zai kuma ce kin lalace. Zai rubuta tasa kalmar sirrin a takarda ya manna a goshinki. Zai zo da filashin da ya zaga shagunan buga takardu na unguwarsu, cike da bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, ya soka miki, ya ga shiru, don na rufe wannan ƙofa daga saba. Duk ranar da wani shafi ya ƙi buɗewa, ko da shafin ne ya mutu a can inda yake, zai leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, babu netwok." Idan ya tambaye ki wa ya hana filashinsa aiki, ki nuna masa saƙon nan naki na kullum, cewa ya tuntuɓi mai kula da tsarin. Ni kuma ranar ina da aiki a reshenmu na Zariya, kuma wayata ba ta cika samun sabis a hanya ba.

Naki,
Mai kula da kwamfutocin ofis