Zuwa ga Bazazzage, Matuƙin Jirgin Kan Kujera

Ranka ya daɗe, kwamandan sojan sama na Tudun Wadan Zariya. Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, tare da fatan an sauka lafiya. Na ce an sauka, domin labarin da ke iso mana Kano shi ne tun da ka yi ritaya ƙafarka ba ta sake taɓa ƙasa ba. Kullum kana sararin samaniya tsakanin Landan da Balin, cikin shekarar 1940, da rimot a hannu.

Hajiya ce ta fara kawo ƙara. Ta ce an daina jin labarai a gidan, wasan kwaikwayo kuwa sai yara su tsallaka maƙwabta. Daga isha'i zuwa tsakar dare ba abin da ke fitowa daga talabijin sai shirin tarihin jiragen Yaƙin Hitila: hoto baƙi da fari, taswira da kibau, da wani tsohon Bature mai lambobi a ƙirji yana share hawaye. Ni ma shaida ne. Ranar da na biyo ta gidanka a hanyata ta zuwa Kaduna, na yi sallama, ka ɗaga mini hannu ba ka ko waiwayo ba, ka ce, "Tsaya, tsaya Malam, saurari wannan." Na saurara. Ƙugin inji ne. Ka lumshe ido ka ce wai Merlin ne, ƙirar Rolls-Royce, mai silinda 12, wai ko cikin barci ka ji shi za ka shaida shi. Tuwon da aka ajiye maka ya huce, miya ta daskare a kwano. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Sai ga masanin inji mai silinda 12 a tsakar gida, ya tattare riga, yana ta jan igiyar janareta mai silinda ɗaya tana yi masa tari. Da gumi ya ishe ka, ɗan maƙwabta aka kira ya goge fulogi, ja ɗaya ta tashi.

Ban ce ba ka koyi komai ba. Bazazzage da haddar abin da ba a tambaye shi ba, ai sai dai a sara masa. Ka san cewa faɗan sararin samaniyar Ingila daga Yuli zuwa Oktoban 1940 aka yi shi, kuma 15 ga Satumba ce ranar da suke tunawa da shi kowace shekara. Ka san cewa an ƙera Lancaster 7,377, amma yau biyu kacal ke iya tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada, har na Kanadan ya tsallaka teku a 2014 don su yi shawagi tare. Ka kalli The World at War, kashi 26 ɗin nan da aka fara nunawa a 1973, har ka fi mai karanta bayanin sanin inda zai ja numfashi. Yanzu kuma na ji ka ƙwallafa rai sai ka je Duxford, tsohon sansanin nan da ke kusa da Kambirij, inda ake fito da tsofaffin jiragen yaƙi a yi wasa da su a gaban dubban 'yan kallo. An ce har ka fara tambayar kuɗin biza. Da fanshon naka? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mutumina.

A nan zan ajiye wasa in yaba wa Turawan Ingila. Jirgin da ya haura shekara tamanin da ƙerawa har yanzu yana tashi, domin akwai waɗanda aikinsu ke nan, su kwance shi, su duba kowace ƙusa, su mayar. Tun 1957 rundunar sojan samansu ta ware wani rukuni na musamman don riƙon waɗannan jirage, yana nan a sansanin Coningsby, kuma duk wani babban bikin ƙasa sai an ga Lancaster a tsakiya, Spitfire da Hurricane a gefe da gefe, sun ratsa ta kan fadar Bakinham. Mutanen da suka rasa matuƙa da ma'aikatan jiragen bam sama da 55,000 a yaƙi ɗaya, ba wanda zai ga laifinsu don sun ƙi mantawa. Abin da kawai na lura da shi, kyamarar tana son sama fiye da ƙasa. Sau goma za a nuna maka bam yana fita daga cikin jirgi kafin sau ɗaya a nuna maka Hambag, inda aka ƙone mutane kusan 40,000 cikin 'yan kwanaki a Yulin 1943.

To mu koma kanka. Kai ɗan Spitfire ne, na ga hotonsa a fuskar wayarka, inda mutanen kirki ke sa jikokinsu. Ban yi mamaki ba, Bazazzage da son abu mai ƙyalli. Amma ko shirye-shiryen naka sun sha faɗa, in da kana sauraro, cewa a faɗan 1940 Hurricane ya fi yawa, kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Hurricane uwargida ce, Spitfire amarya: wata ke tuƙa tuwon, wata ake zuwa gani. Rabin jikinsa na baya ma ƙyalle ne aka ɗame a kan firam, harsashi ya huda a yi masa faci a koma fagen fama.

Yanzu ga tambayar da nake so ka amsa ba tare da ka duba waya ba. Da aka buƙaci waɗannan Hurricane a Masar don yaƙin hamada, ta ina suka bi?

Na san za ka yi shiru, domin taswirar da ake nuna maka a Alƙahira take ƙarewa. To gyara zama. A Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi, sai Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka ɓullo da dabara. A kwance jiragen a zuba cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a tashar ruwan Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, leburorin ƙasar na fasa akwati suna tura jirgi, sannan su tashi ayari-ayari su ratsa Afirka. Jirgi mai inji biyu, irin su Blenheim, shi ke gaba da mai duba hanya a ciki, ƙananan na biye da shi, domin matuƙin Hurricane shi kaɗai ne a jirginsa, in ya ɓace a dajin nan ba mai nuna masa gabas. Daga Takoradi sai Ikko. Daga Ikko sai ina? Faɗi mana, kada ka ji kunya. Sai Kano.

Daga Kano su yi Maiduguri, su shiga Cadi, su faɗa Sudan ta Junaina da Fashir zuwa Hartum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000, ana yin ta cikin kusan mako guda, ga hazo lokacin hunturu, ga hadari da damina, ga rairayi yana cin inji. Ayarin farko, Blenheim ɗaya da Hurricane shida, ya tashi ne a Satumbar 1940, 'yan kwanaki bayan waccan 15 ga Satumba da ka haddace. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Kuma da Félix Éboué, baƙar fatan da ke gwamnan Cadi, bai juya wa gwamnatin Vichy baya ya bi Janar de Gaulle a Agustan 1940 ba, da hanyar ta tsinke a tsakiya. Jamusawa sun san muhimmancinta sarai. A Janairun 1942 suka turo jirgi ƙwaya ɗaya tun daga Libiya, ya tsallaka Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar man jirage ta Fort Lamy, Injamena ta yau, a hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka a hamada.

Ka gane inda na dosa? Ƙugin Merlin da kake lumshe wa ido a talabijin, kakanninmu na Fagge da Kurna a kunne suka ji shi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, suna tsakar gida suna alwala. Ba biza, ba tikiti. Naku kakannin kuwa iyakarsu su ɗaga kai su ga abu ya wuce. Jirgi ya taso daga Ikko ya nufi arewa, ya hango Zariya, ya duba da kyau, ya ga ba wurin tsayawa ba ne, ya yi gaba.

Kuma ba a lokacin abin ya fara ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarki Usman, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka dira a filin wasan dawakai na Kano. Jagoransu Arthur Coningham. Riƙe sunan nan, domin shi ne daga baya, a 1941, ya zama kwamandan sojan sama na yaƙin hamada, wanda ake tura wa jiragen da ke shan mai a Kano. Hanyar da ya gwada yana saurayi ita ta ciyar da shi yana babba. A 1936 kuma jiragen fasinja na Imperial Airways suka fara zuwa Kano daga Hartum. Lissafa da kanka, tunda ku ne masu jami'a.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce ai ku ke da makarantar koyon tuƙin jirgi a Palladan, tun 1964, kuma matuƙan da ke sauka Kano da yawansu ɗalibanku ne. Na yarda, ban musa ba. Ko a gidan sarauta ma a bayan gida ake horar da doki, a ƙofar fada ake hawansa. Ina ganin jiragen naku in na ratsa hanyar Samaru, 'yan ƙanana, su tashi daga Zariya, su zagaya Zariya, su sauka a Zariya. Wannan ai halin masu garin suka ɗauko. Za kuma ka jefo mini maganar kabewa, ita ce makaminka na ƙarshe duk lokacin da hujja ta ƙare. Jefo, muna da tukunya.

Amma saboda zumunci bari in ba ka makamin da ya fi kabewa, wanda ke ƙofar gidanka ba ka ɗauka ba. Barikin Chindit da ke nan Zariya, inda Dafon horar da kuratan soja yake, kullum kana wuce shi. Sunan rundunar Janar Wingate aka sa masa, wadda a Maris ɗin 1944 aka kwashe ta a jirage aka sauke a bayan layin sojan Japan cikin dajin Bama. A cikinta akwai birget guda ta Afirka ta Yamma, bataliya uku na sojan Najeriya, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. Samarin da wataƙila ko jirgin ƙasa ba su taɓa shiga ba kafin a ɗauke su soja, sai ga su cikin Dakota, ana sauke su a filin da aka sare a tsakiyar kurmi. Su kuma 'yan runduna ta 81 da suka yi faɗa a kwarin Kaladan, abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefo musu da lema, don ba hanyar mota. Waɗannan su ne tsofaffin da muka taso muna ce wa 'yan Bama, masu gadi a ma'aikatu da tsohuwar rigar kaki, muna yara muna tsokanarsu su yi mana fareti. Dakotan da kake son biyan kuɗi ka gani a Duxford, wani a unguwarku kakansa ya kwana a cikinsa da bindiga tsakanin ƙafafu.

Har kuɗi mun bayar, in ba ka sani ba. An bi larduna an tara gudummawar yaƙi, ta kai ga rukuni na 91 na sojan saman Ingila, masu tuƙa Spitfire ɗinka, aka laƙaba masa sunan Najeriya, har da jirgin da aka rubuta wa sunan lardin Oyo a jikinsa. Wato amaryar taka ma da kuɗin talakawanmu aka yi mata wani ɓangare na lefe.

Ba na jiran Bature ya zo ya yi mana shirin wannan. Shi nasa ya adana, ya kuma iya. Abin da ke ba ni dariya shi ne a ce garin da ke taƙama da ilimi, ga sashen tarihi a Samaru, ga Kaduna da ɗakin adana takardun gwamnati tafiyar awa guda, ga kai da ba ka da aikin fari balle na baƙi, amma ka fi sanin lambar jirgin Kanada da sunan sojan Bama ɗaya daga Sabon Gari. Wayar da ke ɗauke da hoton Spitfire tana ɗaukar murya. 'Ya'yan mutanen nan suna raye, wasu da lambobin ubanninsu a cikin adaka.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke, kuma ba ɗaukaka ƙara. Kuɗin bizar nan ka ba Hajiya rabi, ladan haƙuri. Da sauran ka hau mota a Kwangila ka zo Kano. Zan kai ka filin da Coningham ya sauka, in tsayar da kai a bakin katangar filin jirgin Malam Aminu Kano ka kalli manya suna tashi har wuyanka ya gaji, kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: a Kwanar Ɗangora za ka cire hula ka gaida gari. Ka kuma taho da ɗan maƙwabtan nan, ko da mota za ta ƙi tashi a hanya.