Rumbun bulona

A kwamfutata akwai wata jaka da na raɗa wa suna "Kaya". A cikinta akwai "Kaya sabo". A cikin wannan kuma akwai "Kaya sabo na gaske", da "Kaya na filashin oga", da wata mai suna "Kar a goge", wadda ni kaina na manta dalilin da ya sa na hana a goge ta. Shekara goma sha biyu ina zanen gine-gine a Kano, kuma in aka ce in nuna dukiyar da na tara, to ita ce wannan: ƙofofi, tagogi, kujeru, masai, motoci, bishiyoyi, da wasu mutane masu riƙe da laima suna tafiya ba su san inda za su ba.

Ga wanda ba sana'arsa ba, abin da nake nufi shi ne ɗan zanen da aka gama, aka ɗaure layukansa wuri guda, aka ba shi suna aka ajiye. Manhajar AutoCAD block take ce masa. Mu a ofis bulo muke cewa, har wani magini ya taɓa jin ina alfaharin ina da bulo dubbai, ya tambaye ni ko na sayarwa ne.

Dabarar kanta ba ta da aibu, kada a ce na ɓata mata suna. Ka zana taga sau ɗaya, manhaja ta riƙe siffarta sau ɗaya, duk inda ka ƙara dasa ta sai ta rubuta wuri da girma da juyi kawai. Gidan bene mai taga sittin, in mai gida ya wayi gari ya ce a sauya musu fasali, guda za ka gyara, sauran su bi. Kana iya liƙa wa kowace ƙofa lamba da faɗi da irin katakonta, a ƙarshe kwamfuta ta ƙirga maka su ta fitar da jadawali. Ni na riski ƙarshen zamanin alƙalamin Rotring a makaranta, lokacin da kuskure ɗaya ke sa mutum ya kwana yana kankare takarda da reza. Akwai wata 'yar roba mai huda-huda da muke ɗorawa mu bi ramin mu fitar da masai ko kwanon wanke hannu. Siffofinta ba su da yawa, tana shiga aljihu, kuma ban taɓa neman wani abu a jikinta na rasa ba. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, ya cire wa wannan roba iyaka. Ashe iyakar ce take rufa mini asiri.

Ciwona kwaɗayi ne. Ba na iya ganin bulo in wuce. Abokin aiki ya turo mini zane in duba masa matakala, kafin in duba sai na kwashe kujerun falonsa. In na ci karo da tarin bulo na kyauta a intanet, datar da na saya don aikawa da aiki a nan take ƙarewa. Ina da murhun ɗumama ɗaki irin na Ingila, mai bututun hayaƙi, a garin da watan Afrilu ke narkar da mutum. Ina da bishiyoyin ƙasashen ƙanƙara. Ina da jirgin ruwan shaƙatawa. Kullum hujjata ɗaya ce: wata rana zai yi amfani.

Sakamakon shi ne abin da aka ƙirƙira don sauri ya zame mini sanadin nawa. Ƙofar ɗaki mai faɗin milimita 900 layi huɗu ce da baka guda, minti ɗaya ya isa a zana ta. Ni kuwa sai in ɓata sulusin awa ina buɗe jaka bayan jaka, don na tabbata akwai wata mai kyau da na taɓa gani. In na gaji sai in zana sabuwa, in ajiye ta da sunan "ƙofa 900 ta ƙarshe", kusa da 'yan'uwanta na ƙarshe guda bakwai.

Sai batun motata, wadda yaran ofis suka haddace. Wani Ba'amurke ne ya zana ta, da inci yake awo, mu kuwa da milimita. Mota mai tsawon inci kusan 180, in ta faɗo cikin zanena, sai ta zo da tsawon milimita 180, ba ta ko kai kaurin bangon bulo mai inci tara ba, wanda yake milimita 225. Ranar farko na ɗauka ba ta shigo ba, na yi ta dannawa. Da na matso da zanen sai ga motoci goma sha ɗaya a jibge a kan dokin ƙofar gareji kamar ƙwai. Maganin sananne ne, a ninka da 25.4, a ajiye gyararriyar a rumbu, shi ke nan har abada. Shekara shida ke nan ina ninkawa duk lokacin da na ɗauko ta. Ajiyewar ce ban samu sukuni ba.

Wanda ya fi kunyata ni wani dattijo ne da ya zo da filinsa, yana son gida na iyali biyu. Na kai masa zane ina taƙama da cewa kwana uku kacal na yi. Ya sa tabarau, ya bi takardar da yatsa a hankali, ya tsaya a falo.

"Injiniya, wannan mai kama da kunnen giwa fa?"

"Ranka ya daɗe, fiyano ne. Ado ne kawai na zane."

"To. Wa zai kaɗa?"

Ban amsa ba. Ya ci gaba ya shiga banɗakuna, ya juya takardar ya daidaita ta da gabas, ya daɗe yana kallo. Masai huɗu, dukansu suna fuskantar alƙibla. Yadda bulon ya zo haka na dasa shi, ban juya ko ɗaya ba, alhali ni ma ba zan yarda a gina mini haka ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, ina zan zauna da baƙina, in ba a cikin iyalina ba?" Sai a lokacin na lura babu zaure, babu shigifa, tsakar gidan kuwa na cike ta da teburin cin abinci mai kujera goma sha biyu, don kawai ina da shi kuma yana da kyau. Kayan aro ba ya rufe katara, ni kuwa gida sukutum na ɗinka da shi.

A hanyar komawa na yi lissafi. Kujerun falo ina da su sun fi iri arba'in, amma ba ni da tabarma. Ba ni da randa, ba ni da dakali, ba ni da wurin alwala, ba ni da murhun girkin biki a bayan gida. Abin da ba ya cikin rumbun hannuna ya daina zana shi, sannu a hankali idona ma ya daina neman sa.

Ba jahilci ke damuna ba, wannan ne abin haushin. Na san tun fitowar AutoCAD 2006 ana iya yin bulo mai miƙewa, ƙofa guda ta zama ta 750 ko 900 ko 1200, ta buɗe dama ko hagu, ta sallami talatin daga cikin nawa. Na san umarnin PURGE mai share tarkacen da ba a amfani da shi. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki har huɗuba nake musu: a zana bulo a kan shimfiɗar sifili, a ba shi suna mai ma'ana, kada a farfasa shi. Suna fita sallar azahar nake danna EXPLODE, umarnin farfasawa, a kan taga, don gyaran gaggawa.

Bayan dattijon nan na keɓe wata Asabar na zana tabarma, da buta, da randa biyu, da dakali, na auna su da hannuna a gidanmu. Sun yi kyau ƙwarai. Makon jiya na neme su don wani aiki a Ɗorayi, na duba "Kaya sabo", na duba "Kar a goge", ban gan su ba. A cikin neman ne dai na ci karo da wani shafi mai dawakai ɗari biyu, na gaba da na gefe da na sama, kyauta. Suna cikin "Kaya sabo na gaske 2".