Baƙin Allo Mai Saurin Fushi

Duk cikin manhajojin kwamfuta babu mai saurin fushi kamar tamina, baƙin allon nan da ake rubuta wa umarni a Linux. Ka kuskure harafi ɗaya, sai ɓat! Ta rufe ta yi gaba, ko sallama babu. Nan mai kwamfuta zai hau zarge-zarge: wai ƙwayar cuta ce, wai zafi ne, har da masu ba da shawarar a sake zuba Linux ɗin dungurungum.

Alhali sau da yawa ɓarawon na cikin gida. Akwai ɓoyayyen fayil, .bashrc, wanda Bash, manhajar da ke karɓar umarni a cikin tamina, ke karantawa duk sanda aka buɗe taminar. Wani gwani ya kwafo set -e daga intanet ya liƙa a ciki, ma'anarsa kuwa: da zarar umarni ɗaya ya gaza, tattara naki ki fita. Baiwar Allah biyayya take yi, ana zaginta. Maganin shi ne a rubuta bash --norc don Bash ta tashi ba tare da karanta .bashrc ba, a buɗe fayil ɗin, a goge layin.

In kuma sandarewa ta yi, kafin a kira mai gyara a danna Ctrl+Q. Wataƙila yatsa ne ya taɓa Ctrl+S, wanda tun zamanin injinan teletayif yake nufin "dakata".