Yadda Ake Sallamar Filashi da Kunne

Filashi baƙo ne a gidan kwamfuta, kuma ɗan halak ba ya jan baƙonsa ta wuyan riga alhali loma na bakinsa. Amma leƙa shagunan buga takardu na Sabon Gari, ko wajen masu tura karatu da waƙoƙi a Titin Beirut, ka ji yadda ake fizge shi, fit! Gobe kuma a dawo ana salati, wai takardar makaranta ta ƙi buɗewa. Wannan shawara taka ce, ɗan'uwa mai larurar gani, kai da kake sarrafa kwamfuta da manhajar karanta allo, ko NVDA ce, ko JAWS, ko Narrator da ke zuwa cikin Windows. Mai ido yana dogara da 'yar wutar da ke ƙyaftawa a jikin filashi. Kai kunne gare ka, kuma a wannan aiki kunne ya fi gaskiya, don wasu filasan ko wutar ba su da ita.

Da farko ka ɗaure hannunka na dama. Shi ne mai laifin, shi yake riga hankali zuwa. Bar shi a kan madannai, ka danna maɓallin Windows tare da B. Muryar za ta kai ka lungun da ke kusa da agogo. In ta ce akwai ɓoyayyun alamomi, danna Enter, ka bi su da kibiya har ka ji "Safely Remove Hardware". Enter kuma, ka sauka kan "Eject" mai ɗauke da sunan filashinka. A nan ka kasa kunne sosai: in ka haɗa na'ura biyu, kada ka sallami babban faifan ajiyar mai shago ka bar naka a zaune. In lungun agogon ya yi maka cunkoso, akwai hanyar bayan gida: Windows da E, ka nemo filashin, Shift da F10, sai ka gangara zuwa "Eject".

Sannan ka jira. Ko mai adaidaita yana ta hon a bakin France Road, ko an tayar da sallar la'asar a masallacin Fagge, daƙiƙa kaɗan ne, ba za su hana ka jam'i ba. Sai muryar ta ce "Safe to remove hardware" za ka kwance hannun nan. Dalilin jiran shi ne kwamfuta takan riƙe ragowar rubutu a ƙwaƙwalwarta kafin ta gama zuba shi, kuma fizgewa a daidai lokacin kan lalata fayil, wani lokaci ma tsarin filashin gaba ɗaya. Za ka haɗu da gwanin da zai ce maka tun 2018 Microsoft ta sauya tsarin Windows 10 yadda ba sai an yi wannan ba. Gaskiya ya faɗa, amma rabi. Sauyin bai ceci fayil ɗin da ake tsakiyar kwafa ba, kuma tsofaffin kwamfutocin da ke shagunanmu ba duka ne suka san an yi shi ba.

In muryar ta ce ana amfani da na'urar, kada ka yi fushi. Zagaya da Alt da Tab, ka rufe takarda ko waƙar da ka buɗe daga cikinta da Alt da F4, ka sake gwadawa.

Ga inda ake kama gwanaye. NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, an fara a 2006, kuma ana iya ɗora ta a filashi a tafi da ita kowane shago. To in daga filashin take magana, ta yaya za ta sallami kanta? Ko ka roƙa har magariba, amsa ɗaya ce: ana amfani da shi. Maganin shi ne ka tashi Narrator da Control, Windows da Enter, ka kashe NVDA da Insert da Q, sai Narrator ta yi maka rakiyar. In komai ya ƙi, kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka jira fankarta ta yi shiru, sannan ka zare.

Ku kuma masu shaguna, daga Fagge har Sabon Gari, don Allah in makaho ya zauna a kwamfutarku ku miƙa masa abin sa wa a kunne, ku daina yi masa "bari in cire maka, Malam". Ya san hanyarsa. Ku ba shi minti ɗaya ya ji muryar ta ba da izini da kunnensa.