Zauna, Baba, Ina Yara?

Mu dai a unguwar nan, da mutum ya yi furfura sai mu yi masa ritayar dole. Ya miƙe zai ɗauko buta, a ce, "Zauna, Baba, ina yara?" Inna ta ɗauki tsintsiya, suruka ta taho a guje ta warce, wai kada maƙwabta su ce ana bautar da tsohuwa. Ladabi ne, babu mai musu, kuma albarka muke nema. Sai dai ƙafar da aka hana aiki saki take yi. A yi wa dattijo wannan gata na 'yan watanni, ran da ya ce bari ya miƙe da kansa sai ka gan shi yana laluben bango.

In kuwa aka faɗi, mun san abin faɗa. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A zo dubiya da lemo da ayaba, a ce Allah ya sa kaffara ne. In a banɗaki abin ya faru, sai a sassauta murya a ce ai wurin ba a shigarsa babu addu'a. Gaskiya ne, a yi addu'a. Amma a leƙa a ga tayil ɗin da Alhaji ƙarami ya shimfiɗa. Yaro ya samu buɗi, ya ce zai share wa iyaye hawaye, ya sa aka fasa simintin tsakar gida aka jera mai ƙyalli, irin wanda kake ganin fuskarka a ciki. Tsohuwar da ta saba taka daɓe tun tana amarya, ga ta da asuba, an ɗauke wuta, ta sako silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe, jika kuma ya zubar da ruwan alwala a bakin rariya. Wane aljani ake jira kuma?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ne faɗuwa take kashewa duk shekara, in ka cire hatsarin hanya babu tsautsayin da ya kai ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu ne, kuma 'yan sama da shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Wanda ya taɓa jinyar karayar ƙugu ya san zancen. A fara da mai ɗori, in abin ya ƙi a garzaya asibitin ƙashi na Dala, kwanciya ta yi tsawo, gyambon kwanciya ya shigo, ƙirji ya kama. Sau da yawa kwanciyar ce take kayar da tsoho fiye da karayar.

Tsayuwar da muke gani kamar banza, abu uku ne ke riƙe da ita: ido, da can cikin kunne inda ake auna karkatar kai, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda aka taka. Sannan naman cinya da na sha-raɓa su yi saurin tare mutum in ya yi tangal-tangal. Duk suna ja baya da shekaru, amma tsoka da saurin tarewa suna jin horo ko mutum ya haura 80. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan aka tsara wani atisaye na cikin gida tun shekarun 1990, aka gwada shi a kan tsofaffi fiye da 1,000, masu shekara 65 zuwa 97, faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100. Babu inji, babu zuwa filin wasa. Rabin awa, sau uku a mako, sai ɗan tattaki.

To, ka je ka ce wa Malam ya yi "motsa jiki" ka ji. Zai ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne. Amma ce masa, "Baba, wai da gaske kun yi langa?" Nan take zai gyara hula ya fara lissafa waɗanda ya kayar a dandali. Langa kuwa mene ne in ba tsayuwa da ƙafa ɗaya ba? Hajiya ma ta yi 'yar gala-gala, ta ɗauko tulu daga rijiya ko ɗigo bai zuba ba. Ta nan ake shigar musu.

Abin da ake so ba wuya. A samu kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango, ban da ta roba mai baje ƙafafu. A zauna, a miƙe, a zauna, a miƙe, sau goma, da dafawa tukuna, in ƙarfi ya zo a harɗe hannu a ƙirji. A dafa bango a ɗage bisa yatsun ƙafa a sauko a hankali. A ɗaga ƙafa ɗaya a ƙirga goma, a sauya. A bi layin siminti ana ɗora diddige a gaban babban yatsa, hannu na kusa da bango, sannan a yi tafiyar gefe. Mutum ɗaya ya tsaya kusa, ba don ya riƙe ba. Ranar farko za a yi dariya, jikoki su kewaye suna ƙirge da ƙarfi, Hajiya tana cewa ja'irai za su karya ta. A bar su, ƙirgen nasu ne zai sa a sake gobe.

Wanda ke jin jiri in ya miƙe, ko ciwon ƙirji, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ya fara ganin likita, a haɗa shi da masu gashin ƙashi, 'yan fisiyo. Wasu magungunan hawan jini da na barci suna kawo hajijiya, don haka a kwashi ledar magungunan gaba ɗaya a kai a duba, har wanda aka sayo a kemis. Mai ciwon suga ƙafarsa kan yi dindiris, ya taka dutse bai sani ba. Yanar ido kuwa aikin minti kaɗan ne a cire ta, amma mu sai Baba ya fara gaida turmi yana ce masa Hajiya. Da asuba kuma a zauna bakin gado kaɗan kafin a miƙe, tocila tana ƙarƙashin filo.

Sanda ita ce rigimar da ba ta ƙarewa. Maza ba su ƙi ba, in dai mai kan azurfa ce irin tsarabar Makka, ko da a hammata za a rataye ta. Mata kuwa, "Ni? Sanda? Sai ka ce wata makauniya!" Wanda ya yarda ya riƙe, a yanke masa daidai wuyan hannu in ya tsaya ya saki hannunsa, a sa mata roba a gindi, kuma a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙewa. Nan ma sai an yi musu, don duk majalisarmu a ɓangaren ciwon suke riƙe tasu, kuma kowa ya rantse haka ya ga kakansa yana yi.